Gida Mai Ƙofa Biyu

Zuwa ga Kawu Magini,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ka a zaune, ba a kan tsani ba. Yaya gwiwa? Yaya Inna da ciwon bayanta? Mu nan lafiya, in ban da wani tari da ya zagaye ofishinmu kaf ya sauka a kaina, shi ma ya fara haɗa kayansa. Na so in kira ka a waya, sai na tuna yadda muka yi wancan karon: ina ihu kana ihu, maƙwabta duka suka ji labarin, mu biyu ne kawai ba mu ji juna ba.

Surukinka ya tafi kwas ɗin nan da na gaya maka. Ya bar mini gida, da mota mai tari irin nawa, da wani akwatin gilashi cike da ruwa a falo. Kifaye ne a ciki, dangin karfasa amma ƙanana masu launi, masu sayarwa suna ce musu sikilid. Kada ka tambaye ni ko ana ci. Ba a ci. Su ake ba abinci, a share musu ɗaki, a kunna musu fitila. Ni da nake wuni a ɗakin gwaji ina auna ruwan da mutane za su sha, yanzu in na dawo gida sai in auna na kifi. Ka ga amfanin digiri.

Akwai wani shuɗi babba a cikinsu, na sa masa suna Darakta, don ba ya aikin komai sai zagaye da korar na ƙasa da shi. Akwai kuma wata mace ruwan ɗorawa da nake kira Baiwar Allah. Irin kifin nan, in mace ta yi ƙwai kwashe su take yi ta riƙe a baki har su ƙyanƙyashe, makonni ba ta cin komai. To yanzu bakinta cike yake, maƙogwaronta ya kumbura, Darakta kuma ya hana ta sakat. Ta maƙale a bayan bututun iska, wutsiyarta duk ta yage. Ɗaki take bukata da za ta shige.

Na duba ƙananan gidajen nan naka da ke jere a kan kantata, waɗanda kake aiko mini tun da ka daina hawa gini. Mai jan rufin ma na ɗauko shi har bakin ruwa, na fasa. Fenti yana narkewa a hankali, abin da ya narke kuwa kifi ya sha. Shi ya sa nake roƙon ka gina mini sabo. Yumɓu zalla, gasasshe sosai, ba fenti, ba siminti, ba ƙarfe a ciki. Baki ya zama mai faɗi, a goge shi sumul, don abin da ya karci yatsanka zai karce ta. Gindi ya zama shimfiɗaɗɗe mai nauyi, saboda kifayen nan haƙa suke yi, sai su kwashe yashin da ke ƙarƙashin abu ya kife a kansu. Sannan ƙofa biyu, gaba da baya, in an biyo ta ta nan ta fice ta can.

Kada ka wahalar da kanka, Kawu. Ba sai ya yi kyau ba.

A gaida Inna da kyau.

'Yarka,
Me-ya-sa

*

'Yata Me-ya-sa,

Takardarki ta iso. Na karanta, Innarki ta sa na sake karanta mata da ƙarfi. Gwiwa da sauƙi muddin ba a tambaye ta ba. Innarki tana nan, bayan ma yana nan. Allah ya raba ki da tari, ya dawo da maigidanki lafiya.

Sunan nan da na sa miki kina ƙarama bai tashi a banza ba, amma yau ni zan yi tambayar. Me ya sa kika ce ba sai ya yi kyau ba? Na juya maganar nan a raina har na gaji. Na tsufa a kan gini, ba wanda ya taɓa gaya mini haka sai wanda ya riga ya fid da rai da magini. In kin ga rubutuna yana rawa, laifin fensir ne, ba na hannu ba.

Bari in gaya miki abin da ban gaya wa 'ya'yana ba. Tun da suka ɓoye mini tsani suka rarraba kayan aikina, ba wanda ya sake cewa in gina masa ko da akurki ne. Ƙananan gidajen nan da nake yi, kowa ya karɓa sai ya ce madalla, ya ɗora a kan talabijin. Ban rage musu komai ba, har magudanar ruwa nake fitarwa, amma ba mai shiga sai ƙura. Ke ce ta farko da ta zo mini da aiki da mai shiga a hannu. Kakarki da uwata 'ya'yan wa da ƙani ne, a zamanin nan wasu ba sa sa irin wannan a cikin dangi. Sai ga shi daga can nesa kwangila ta fito.

Maganar ƙofa biyu ban so ta ba. Gida mai ƙofar baya na mai gudun baƙi ne. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, na yi yadda kika ce. Maƙwabciyarmu mai tukwane ta gasa mini shi tare da nata. Ga shi nan na ba direban motar garinku. Ki sanar da ni ranar da ta shiga.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaida ka, ina gaida Inna. Tari ya tafi, ya koma kan shugaban sashenmu, inda ba wanda ya yi baƙin ciki.

Gida ya iso lafiya. Na aika a gina wa kifi ɗaki ɗaya, aka kawo mini bene. Na ajiye shi a kan tebur na daɗe ina kallo: matakala, baranda, tagogi a jere, da 'yan gutsattsarin madubi da ka manna a kewayen ƙofa. Maƙwabciyata ta shigo aron gishiri, ta tambaya ko akwai ɗakin haya a sama. Fenti kam babu, na shaida.

Amma ba zan sa shi a ruwa ba, kuma gara in faɗa maka dalili da in yi maka irin madallar masu talabijin. Tagogin nan daidai kan kifi suke. Wanda aka koro ba ya tsayawa awo, zai cusa kai ne, kai ya shige jiki ya ƙi. Madubin yana da kaifi, ga shi Darakta in ya hango kansa a ciki zai wuni yana faɗa da mutumin da ya fi tsana a duniya. Sannan akwai wani ɗan maganaɗisu da nake manna takardu da shi a jikin firiji. Na kai shi kusa da barandarka, ya kama tsam ya ƙi sauka. Kawu, waya ce a ciki ko aljani? Ƙarfe in ya jiƙa tsatsa yake yi, tsatsar ta bi ruwa.

Game da maganar da ta tsaya maka a rai, ni sauƙi na nufa, na ga kada in ɗora wa gwiwarka aiki. Hannunka ban taɓa shakkarsa ba. Abin da ya kamata in ce shi ne, mai shiga gidan nan ba za ta taɓa tsayawa a waje ta yaba shi ba, cikinsa kaɗai za ta sani. Adon waje na yafe. Na ciki kuwa ko ƙwayar yashi da ta fito tsini ban yafe ba. In ka duba, aikin da na ba ka ya fi na bene wuya.

Baiwar Allah ta rasa ƙwan nan. Na tashi da safe na ga bakinta ya saɓe, tana cin abinci kamar ba abin da ya faru. Ba laifin kowa ba ne, tun kafin direba ya taso abin ya auku. Mai shagon kifi ya ce za ta sake yi, ba a daɗe ba. Kwangila dai tana nan a hannunka.

'Yarka,
Me-ya-sa

*

'Yata,

Muna lafiya. Waya ce. Baranda ba ƙarfe, raina ya ƙi kwanciya, na ce siririya ɗaya wa zai sani. Ban san kina da ɗan sanda a jikin firiji ba.

Ga na biyu. Ɗaki ɗaya, rufi zagaye, ƙofa gaba da baya, ba taga. Na goge bakin da dutse, na bi da samfefa, sannan na ari mayafin Innarki mafi laushi na ja shi ta ƙofar nan na fitar ta waccan. Duk inda ya kama zare na koma na goge, har ya wuce sumul. Mayafin ya ji jiki, ni ma na ji magana. Gindin na yi shi da kauri, ko ke kika ture shi sai kin yi niyya.

Ban taɓa sakin aiki tsirara haka ba. Mai tukwane ta tambaya ko murhu ne. Innarki ta ce tun da na hana shi ado, ita ba za ta bari ya shiga gidan mutane kamar maraya ba, ita ta shirya shi a kwali da hannunta.

Kawunki

*

Kawu,

Fatan kuna lafiya kai da Inna. Ni kalau.

Zan fara da gaskiya mai daɗi. Wannan ya fi duk abin da ke kan kantata kyau, har da benen. Na sa hannu ciki na zagaya ido rufe, ban ji inda yatsa zai tsaya ba. Na ɗora shi a kan gilashin tebur, ya zauna daram, ko motsi. Maganaɗisu ya zame ya faɗi, ya ji kunya.

Saura ɗaya gaskiyar. Tun kafin in yanke igiyar kwalin falona ya cika da ƙamshin akwatin Inna. Ta naɗe shi a zanenta mai kyau, irin na ƙasan akwati da ya shekara yana shan turare, ta kuma cika cikin ɗakin da ƙwayoyin kafur, kada kyankyaso ya tare kafin mai gida. Na san ƙauna in na gan ta, wannan ita ce. Sai dai yumɓun da ba a shafe ba kamar soso yake, abin da ya kwana da shi ya sha. Na dafa shi, na jiƙa, na shanya a rana, na sake dafawa. Har yanzu in ya jiƙa wani maiƙo-maiƙo yake tasowa a saman ruwa. Na bar shi a wani bokiti a baranda da tsutsar sauro ta yi gida a ciki, washegari ba wadda ke motsi. A matsayin maganin sauro, Kawu, kun yi nasara kai da Inna. Kifi ba zai kai labari ba.

Don Allah kada ka yi mata faɗa. Ni ce na lissafa fenti da ƙarfe da siminti, ban ce komai a kan kwali ba. Ko sabulu bai kamata ya taɓa shi ba, balle turare.

Baiwar Allah ta sake cika baki. Da na ga ba ta da wurin shiga, na sayo tukunyar shuka fure a bakin titi, na fasa gindinta, na goge bakin, na dafa, na kwantar da ita a yashi. Tana shiga, amma Darakta yana zuwa ya fito da ita duk sanda ya tuna. Haka dai muke lallaɓawa.

'Yarka,
Me-ya-sa

*

Kawu,

Shiru ya yi yawa. Na je tasha na tambayi direba, ya ce ya gan ka a ƙofar gida kana zaune lafiya, ka amsa gaisuwarsa, ba ka ba shi komai ba. Hankalina ya kwanta ta wajen gwiwa, ya tashi ta wani wajen.

Na zauna na tuna abin da na rubuta maka, ina jin na gano inda na taka. Tukunyar fure ce, ko? Kawu, ban ba wani kwangilarka ba. Rumfa ce aka kafa kafin a gama gini. Wanda ya yi ta bai san da kifi ba, ko sunansa ban tambaya ba. In kuma ka gaji da mai aikin da ta ƙi maka gini har sau biyu, ka faɗa mini, ba zan ga laifinka ba. A ofis ma cewa suke ba a iya mini.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

'Yarka,
Me-ya-sa

*

Kawu,

Da fatan ka isa gida lafiya, gwiwa kuma ta yafe maka zaman mota. A gaida Inna, a ce mata zanenta na wanke na goge, yana tafe.

Na roƙi layi ɗaya, ban ce ka taso da kanka ba. Har yau in na buɗe ƙofa sai in tuna yadda na gan ka tsaye, hula a karkace, rungume da roba sabuwa, gida na uku a zaune a ciki ba ko ƙyalle a kansa. Na miƙa hannu in karɓa, ka ja da baya ka tambaye ni ko na shafa mai. A ƙofar gidana, ni da nake da digiri a kan ruwa, sai da na je na ɗauraye hannu aka bar ni na taɓa.

Sauran labarin da ka ɓoye, direba ya ba ni bayan na sa ka a mota. Ya ce ka ƙi yarda a sa robar a but ɗin mota saboda warin fetur. Ya ce a kan cinyarka ta yi tafiyar duka. Ya ce wata mata ta zauna kusa da kai tana ƙamshi, ka roƙe ta da girman Allah ta koma baya, da ta ƙi, kai ka koma, ka zauna kusa da mai kaji. Wani ya tambaye ka mene ne a ciki, ka ce masa, "Gida ne, mai shi tana jira." Direban ya ce daga nan ba wanda ya sake yi maka magana, sai addu'a.

Na san ranka bai so ba da na ce sai an jiƙa shi kwanaki ana sauya ruwa kafin ya shiga. Ka zo daga nesa ka koma ba ka ga an buɗe gida ba. Ka dai samu ka ga tukunyar fure, ka ce wanda ya yi ta ko katangar bayan gida kada a ba shi. To ga abin da ya faru bayan tafiyarka, ba ƙari ba ragi.

Ruwan jiƙon ya fito garau, na gwada shi a wurin aiki, ba abin da ya sauya. Na ture yashi gefe, na zaunar da gidan a kan gilashin ƙasa yadda ba mai haƙe shi, na mayar da yashin a kewaye. Na juya ƙofa ɗaya wajen da Baiwar Allah take, kamar mai nuna wa baƙo masauki. Kifaye duka suka watse. Can sai ga Darakta. Ya zagaya shi a hankali kamar mai neman laifi a fayil. Ya shiga ta gaba ya fita ta baya. Ya shiga ta baya ya fita ta gaba. Daga nan ya fara ɗibar yashi da baki yana tofarwa a waje, launinsa ya ƙara shuɗi har yana ƙyalli. Kafin in gama shan shayi gida ya zama nasa.

Na yi tunanin in rubuto maka cewa ita ta shiga, wa zai gaya maka? Amma ba mu saba haka da kai ba. Gidan da ka gina wa mai rauni, mai ƙarfi ya ƙwace.

Sai dai ka ji ƙarshen. Ƙofa biyun nan sun zame masa aiki. In ya tsare gaba sai ya tuna baya a buɗe take, ya juya da gudu. In ya isa baya sai zuciyarsa ta ce ana shiga ta gaba. Haka yake wuni, tsakanin ƙofa da ƙofa, ba ya iya yin nisa. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya yi aiki irin wannan ba. Baiwar Allah tana can ɗaya ƙarshen a tukunyarta, ba mai leƙa ta, wutsiya ta fara tohowa. Shekaranjiya na dawo daga ofis na tarar ta buɗe baki, 'ya'ya suna yawo a gabanta kamar an watsa ƙwayar shinkafa mai ido. Na matso kusa, ta zuƙe su duka ta rufe baki tana hararata. Na tsaya a nan da jaka a kafaɗa har ƙafata ta yi sanyi.

Na aika wa surukinka hoto, ya ce dama ya san kifayensa za su yi kyau a hannuna. Kifayensa. Na bar shi da wannan sai ya dawo.

Ban san yadda labarin nan zai zauna maka ba. Ni dai a wajena gidanka ya yi abin da aka gina shi dominsa, ta hanyar da ba ni ba kai ba wanda ya tsara.

'Yarka,
Me-ya-sa

*

'Yata Me-ya-sa,

Na iso lafiya. Gwiwa ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana, yanzu mun shirya. Innarki tana gaishe ki, ta ce barka da arzikin jikoki, ta ce kuma ita ba ta ƙara sa hannu a kayan kifi ko an roƙe ta. Ban roƙe ta ba.

Kin ji tsoron banza. Duk tsawon aikina ban taɓa gama gida mai kyau na ga talaka ya shiga ba, manya ne suke riga kowa. Da Daraktan nan ya zagaya ya wuce, da na san aikin bai yi ba. Na karanta wa mai tukwane wurin da yake tofar da yashi, na ce mata ga murhunki nan an yi rububinsa. 'Ya'yana ma na gaya musu. Babban ya yi dariya, amma jiya ya dawo mini da igiyar awona da ƙaramin cokalin gini, ya ce ya tsince su ne a shago.

Yanzu ga aiki. Yaran nan ba za su dawwama a bakin uwa ba, kuma ba zan bar su su tashi a tukunyar wani ba. Ki samu zare ki auna mini kaurin ɗaya daga cikinsu, in sun tsaya. Ki auna mini kan Darakta ma, ki ƙulla zaren ki sa a ambulan. Ƙofofin da zan fitar wannan karon, ko hancinsa ba zai shiga ba.

Kawunki, Magini